Gonar da Na Rubuta da Sunan Kawu

Daga Allah muke, kuma gare shi za mu koma, ko da hanyar komawar ta biyo da mutum ta Guangzhou, can ƙasar Caina. A nan Kawu, yayan mahaifiyata, ya cika ranar wata Talata bayan azahar. A nan kuma muka binne shi, bayan an kwana biyar ana fama da takardu.

A ofishina da ke bayan titin Liuhua muka yi zaman makoki. Ɗakin ƙarami ne, sai da muka jingine katan-katan na samfurin wandunan jins a bango kafin aka samu wurin shimfiɗa darduma. Lokacin baje kolin Pazhou ne, gari cike da 'yan kasuwarmu, saboda haka mutane suka yi ta zuwa. Kanawa suka zo, mutanen Yamai suka zo, har da wasu 'yan Kumasi biyu da ba su taɓa ganinsa ba, sun dai ji an ce wani dattijo ya rasu a ƙasar da ba tasa ba.

Wanda ya fi ba ni mamaki wani Alhaji ne ɗan Maraɗi mai sayen injinan ban-ruwa, mutum mai taurin rai, wanda ko kwantenarsa ta maƙale a teku ba ka ganin komai a fuskarsa. Ya zauna a lungu ya rufe fuska da hiraminsa, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu kansa sai ya ce, "Wata huɗu kaɗai na san shi. Amma shi ɗaya ne a garin ga ya taɓa tambayata wa za ya yi aiki da injinan da nike saye, mai gona ko ɗan ƙwadago."

A rana ta biyu mai ma'aikatar ɗinkin jins da nake hulɗa da shi a garin Xintang da ke kusa, wanda muke kira lauban, wato maigida, ya zo da mahaifiyarsa. Tsohuwa ce 'yar guntuwa, bayanta ya ranƙwafa. Ta ƙi shiga. Ta ajiye damin ganye kusa da takalman mutane, ta yi magana da yarensu. Ɗanta ya fassara mini: ta ce wanda ya taya ta shukawa bai ci ba, to masu kukansa su ci.

Duk wanda zai tashi kuma sai ya kama hannuna ya ce, "Allah ya saka maka da alheri. Ka yi wa kawunka gata, ka kawo shi har Caina aka buɗe masa ido." Ina amsawa da amin, ina jin kamar garwashi ake sa mini a tafin hannu.

Inna, mahaifiyata, ba ta yi kuka a waya ba. Ta ce, "A ƙasar wa kuka sa shi?"

Na ce, "Maƙabartar Musulmi ce, Inna. An yi masa wanka, an yi masa salla, an yi masa komai."

Can ta ce, "Mutumin da ya auna wa gari guda ƙasa." Sai ta kashe wayar.

Ga wanda bai san garinmu ba, yana kudu da Kano, a gefen wata madatsar ruwa. Kafin a gina ta, fadamar garin kusan duk tana hannun 'yan gidaje kaɗan, mafi faɗi kuwa ta kakana ce, mahaifin Inna da Kawu. Sauran jama'a ƙwadago suke yi, ko su karɓi aron gona, idan kaka ta yi su kai wa mai ita dammuna. Da gwamnati ta haƙa magudanan ruwa sai ta zo da doka. Kowane magidanci kaso ɗaya. Wanda yake da ƙasa mai yawa tun asali a bar masa uku, abin da ya haura a raba wa marasa gona. Ba a sayarwa, ba a jinginarwa. Ko dai a gada, ko a mayar wa kwamitin da ke kula da rabon.

Kawu lokacin saurayi ne, ya gama makarantar aikin gona, aka ɗauke shi malamin awo. Manyansa suka so su tura shi wani gari don kada ya auna gonar ubansa. Ya ce a bar shi. Ya ce idan baƙo aka turo, Kaka zai saye shi da rago ɗaya da buhun shinkafa, kuma talakawan garin za su san an saye shi.

Inna ce ta ba ni labarin ranar da igiyar awo ta iso gonar Kaka, don tana nan, ta kai abincin masu aiki. Kaka ya sa aka kawo masa kujera ƙarƙashin giginya, ya zauna da sandarsa, rabin gari a tsaye a bayansa. Kawu ya zo ya durƙusa ya gaishe shi.

Kaka ya ce, "Ni za ka kafa wa turke?"

Kawu ya ce, "Baba, kaso uku naka ne, ka zaɓi inda kake so."

"Ƙasar da ubana ya sare da gatarinsa?"

"Waɗanda suke bayanka ma iyayensu sun riƙe gatarin, Baba."

Kaka ya zage shi zagin da Inna ba ta taɓa yarda ta maimaita mini ba. Kawu ya jira har ya gama, ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya ja igiya. Kaka ya ce daga ranar kada inuwarsa ta sake shiga zaure. Shekara bakwai Kawu yana zuwa ƙofar gidan kowace safiya, ya durƙusa ya gaida zaure, ba a amsawa, ya tashi ya tafi aiki. Yadda suka shirya ma ba da ban haƙuri ba ne. Wani maƙwabcin gona ne ya fara ci wa Kaka iyaka, kowa aka kawo ya duba sai Kaka ya ce an saye shi. Ƙarshe ya ce, "Ku kira mini wancan mai igiyar. Shi ne ba ya cin ko taku ɗaya."

Inna ba ta taɓa yafe masa duka ba. Idan rai ya ɓaci takan ce, "Yayana ya raba gadona tun ubana yana da rai." Amma ɗaya daga cikin kason da aka yanka daga gonar Kaka wani ɗan ƙwadago ne ya samu, kuma shi ne bayan shekaru ya zo neman aurenta, Kawu ya yi waliyyi. Shi ne mahaifina. Shinkafar kason nan na ci na girma, ita ta kai ni makaranta, ita ta zama jarin farko da na fito da shi. Idan Inna ta fara ƙorafin gado, Kawu yakan yi dariya ya ce, "Ai ba ki yi asara ba, ƙanwata. Gonar ce ta zagaya ta dawo miki da miji a kanta."

Akwai wata bazawara a garin mai marayu huɗu. Doka ta ce magidanci, ita kuma mace ce, saboda haka ba a sa ta a jerin masu samu ba. Kawu ya rubuta sunanta da hannunsa. Da babbansa ya kira shi ya yi masa faɗa, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, wanda yake ciyar da gida shi ne magidanci. Idan akwai wani mai ciyar da gidan nan a nuna mini shi in rubuta." An hana shi ƙarin girma a kan wannan, amma sunan ya zauna.

Yana da wasu ɗabi'u da muke yi masa dariya a kansu muna yara. Ba ya tafiya ba tare da ƙidayar taku ba, leɓensa yana motsi kamar mai lazimi, har ya san daga gidansa zuwa masallaci taku nawa ne, da rani da damina. Duk inda ya sauka sai ya ɗebi ƙasa ya murza, ya shinshina. Ba ya taka kunyar gonar kowa, ko an girbe, sai ya zagaya. Maganar da ya fi yawan faɗi kuwa ita ce, "Ƙasa ba ta haihuwa, mutane ke haihuwa." Da idonsa ya fara yana, har ya daina bambanta shuka da ciyawa, da kansa ya sa aka kai shi wurin kwamiti ya mayar da kasonsa. 'Yarsa ɗaya ce, malamar makaranta, tana aure a birni. Ya ce wanda ba ya ganin kunyar gona bai kamata ya tare wa wani ruwa ba.

Yanzu sai nawa ɓangaren, wanda ban faɗa wa ko ɗaya daga cikin masu ta'aziyya ba.

Shekarata goma sha biyu a Guangzhou. Da Allah ya buɗa mini sai na fara waiwayen gida. 'Ya'yan waɗanda aka raba wa gona sun yi yawa, kaso ɗaya ya zama na mutum shida, taki ya yi tsada, ga rashin lafiya. Suka fara zuwa wurin ƙanina a ɓoye suna neman mai sayen gonakinsu. Tunda doka ta hana sayarwa, sai muka samo hanya, da taimakon wani a cikin kwamitin wanda ba zan ambata ba. Mai gona zai rubuta cewa ya mayar da ita, sai a ba wani magidanci marar gona, wanda ni na kawo sunansa. Na yi da sunan ƙanina, da na mijin ƙanwata, da na wasu abokai. Har sunaye suka ƙare mini, ga kuma wani kaso mai kyau a layin gabas, kusa da bakin ruwa. Na babban ɗan bazawarar nan ne. Matarsa ce ta kwanta ciwo, ya rasa yadda zai yi.

Sai na tuna cewa a takarda Kawu magidanci ne marar gona. Kuma a duk garin babu wanda zai ga sunansa ya yi tambaya.

Na je gida da takardun fasfo da biza da na asibitin da za a yi masa aikin ido. Na sa takardar gonar a tsakiya. Muna zaune a zaurensa da hantsi, ina riƙe masa hannu ina ɗora alƙalamin a kan layi. "Nan, Kawu. Sai nan." Da muka zo kan ta gonar sai ya tsaya.

Ya ce, "Hannunka na rawa, Ɗan Caina." Haka yake kirana.

Na ce, "Gajiyar hanya ce, Kawu."

Ya ce, "Allah ya huce gajiya," ya sa hannu.

Ina son ya gani, Allah ne shaidata. Amma kuma na ji labarin za a zo tantance rajistar gonakin, kuma na san masu tantancewar gidan Kawu za su fara zuwa, don babu wanda ya san asalin rabon kamarsa. Ina son ya gani, ina kuma son ya yi nisa. Tikiti ɗaya ya biya mini buƙata biyu.

Da muka iso, likita ya ce sai an daidaita masa suga kafin a taɓa idon, saboda haka ya yi kusan wata uku a gidana na Xintang yana jira. Ban taɓa ganin mutum ya saba da wuri da sauri haka ba. Ya ƙidaya taku daga ƙofar gida zuwa ma'aikatar lauban. Ya koyi nihau ta gaisuwa, ya koyi shiye-shiye ta godiya, ya koyi meyo, wato babu, wadda ya ce ita ce kalmar da 'yan kasuwar duniya suka fi so. Ranar Juma'a in tafi da shi cikin gari, bayan salla ya zauna a ofishina 'yan kasuwa su kewaye shi. Ba ya tambayar kowa abin da ya saya. Tambayarsa ita ce, "A garinku wa ke riƙe da fadama?"

Wata safiya muna wucewa ta bayan ma'aikatar sai ya ja ya tsaya, ya ɗaga hanci. Ya ce, "Akwai mai noma a nan." Ni shekara nawa ina bin wurin ban taɓa lura ba. Wani ɗan siririn fili ne tsakanin katanga da lambatu, mahaifiyar lauban ta yi kunyoyi ta shuka ganye da wake. Kawu ya tsuguna ya ɗebi ƙasar ya murza. Tsohuwar ta taso da faɗa, ta ga yadda ya riƙe ƙasar, sai ta bar faɗan.

Ranar muka yi wata hira mai tsawon hanya. Ita ta faɗa wa ɗanta da yaren ƙauyensu, shi ya faɗa mini da Sinancin kasuwa, ni in faɗa wa Kawu da Hausa, amsa kuma ta koma ta wannan hanyar. Ta ce ubanta ba shi da ko taku ɗaya, gonar wani yake nomawa, har aka yi rabon ƙasa tana ƙarama aka ba su. Ta ce tana tuna uban nata ya kwana biyu a gonar ya ƙi dawowa gida, yana tsoron kada a ce kuskure aka yi. Ta ce yanzu ƙasar ƙauye ta ƙauye ce, a ba kowane gida ya noma, amma ba ya sayarwa. Kawu ya tambayi abin da ya faru da mai gonar na farko. Tsohuwar ta kau da kai, ta yi gajeriyar magana. Lauban ya ce, "Bai ƙare da kyau ba." Kawu ya jinjina kai ya ce, "Mu ba mu zubar da jini ba. Amma mun raba uba da ɗa." Sai ta nuna dogayen ma'aikatun da suka kewaye mu ta ce duk nan shinkafa ce da, yara sun bar noma, ita kaɗai ta rage da wannan tsiri. Kawu ya ce in gaya mata mu ma dokarmu ta auna ƙasa amma ba ta auna jikoki ba, kuma shi bai san maganin wannan ba.

Daga ranar kullum yana can. Ba sa jin juna, ba su kuma sake neman tafinta ba. Ita ta riƙe masa hannu ta ɗora a kan sanda, shi ya ɗaure wake. Ina tsaye daga nesa ina kallon yadda take riƙe masa hannu, sai in ji ba na son kallo.

An yi aikin lafiya. Ranar da aka cire bandeji, muna fitowa daga asibiti ya tsaya yana kallon allunan shaguna, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ikon Allah! An buɗe mini ido a garin da ba zan iya karanta ko alif ba." Ya juyo ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ashe ka yi furfura. Kamanninka ɗaya da ubanka." Ya dafa kaina ya sa mini albarka a bakin titi, mutane na wucewa.

Kwana goma bayan haka, da safe, muna shan shayi, wani tsohon abokin aikinsa ya turo masa hoto a waya. An liƙa rajistar gonaki a bangon ofishin kwamiti don jama'a su duba kafin a rufe tantancewa. Abokin ya haɗa da tsokana: Malam, ashe ka koma noma ba ka gaya mana ba? Kawu ya sa tabarau, ya kusanto da wayar, ya nisanta ta. Sannan ya miƙo mini.

Ya ce, "Karanta mini wannan layin. Ko likitan bai gama aikinsa ba ne."

Na kalli wayar.

Ya ce, "Layin gabas, na biyu daga bakin ruwa. Ni na kafa turakunsa. Ranar matar nan goyo ne a bayanta, ta riƙe mini bakin igiya. Ina ɗanta yanzu?"

Na ce, "Yana nan, Kawu. Yana aiki a gonar."

"Aikin wa?"

Da na buɗe baki sai na kama kare kaina. Na ce ba ƙwace na yi ba, shi ya kawo kansa. Na ce da ban karɓa ba wani zai karɓa. Na ce dokar nan ta tsufa, kowa ya san ta tsufa, ƙaramar gona ba ta ɗaukar tarakta, ba ta fitar da kowa daga talauci. Ya bar ni na gama, kamar yadda ya bar Kaka.

Ya ce, "Wasu maganganunka gaskiya ne. Idan doka ta tsufa, a fito fili a gyara ta. Guda nawa ne a hannunka?"

Na ce, "Tara."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Ya ce, "Kakanka ya fi ka. Shi a kan kujera ya zauna ya zage ni a gaban mutane. Kai hannuna ka riƙe."

Na sauko ƙasa na durƙusa. Na ce ya yafe mini.

Ya ce, "Tashi. Ka nema mana jirgi, ni da kai. Ina da lambar shugaban masu tantancewar, zan iya kiransa yanzu. Amma ba zan tona maka asiri daga nesa ba, kai ɗan ƙanwata ne. Da ƙafarmu za mu je, kai ka yi magana, ni ina gefenka."

Na ce to. Ban nema ba. Na san saura 'yan makonni a rufe tantancewa, idan aka rufe kuma rajistar ta zauna. Na ce wa kaina idan ya huce zan lallashe shi. Na gaya masa lokacin baje koli ne, jirage sun cika.

Bai sake ɗaga maganar gonar ba. Yana cin abincina, yana amsa gaisuwata. Abu ɗaya ne ya canza: ya daina ce mini Ɗan Caina. Kowace safiya kafin in fita sai ya ce, "Alhaji, ina maganar jirgi?" In ce ba a samu ba tukuna. Ya ce, "Meyo ke nan." In ce, "Meyo, Kawu." Ya ɗauki hularsa ya tafi wurin wakensa. Ranar ta ƙarshe da na faɗa masa haka, ya kalle ni da idon nan da na yi alfaharin buɗewa, ya ce, "Allah ya kawo," ya fita. A safiyar na duba wayata. Akwai kujeru a jirgin Alhamis, akwai a na Asabar.

Ina Pazhou da wasu baƙi daga Kano, muna cinikin fitilu masu aiki da hasken rana, lauban ya kira ni. Kawu ya ɗauko bokitin ruwa ne ya yanke jiki ya faɗi tsakanin kunyoyi. Tsohuwar ta yi ihu, ma'aikata suka fito suka kai shi asibiti. Kafin in ratsa cunkoson hanya in isa, an rufe shi da mayafi. Likita ya ce zuciya ce, kuma ko a ina yake hakan na iya faruwa. Na yarda, ajali ba ya jira. Amma da na nemi jirgin, da a gida ya same shi, da 'yarsa ce a kansa, da waɗanda ya raba wa gona ne suka ɗauki makararsa.

An rufe tantancewa, rajista ta zauna yadda na so. Bayan addu'ar arba'in aka zo rabon gado. Kawu bai bar komai ba sai gidan ƙasa da littattafai da tsohuwar igiyarsa. Sai ga takarda daga kwamiti cewa mamaci yana da kaso a layin gabas. Kafin la'asar magana ta zagaye gari. Ƙanina ya gaya mini abin da ake faɗa a majalisu: ashe Malam ma ya san daɗin ƙasa, ya yanke ta ubansa yana saurayi, ya haɗiye ta marayu da tsufa. Har waɗanda iyayensu suka samu gona ta hannunsa suna cikin masu faɗa. Ɗan bazawarar ya san gaskiya, amma ya yi shiru, don a gonar yake samun abin da yaransa ke ci.

Na ce wa ƙanina a mayar da gonakin duka ga masu su, ba na son komai. Ya ce in yi hankali, sunansa yana ciki, na mijin ƙanwarmu yana ciki, mutumin kwamiti ma ba zai faɗi shi kaɗai ba. Har yau muna ja. Ta layin gabas kuwa ba ta motsi sai magajiya ta sa hannu. Saboda haka na kira 'yar Kawu, wadda nake ce wa Yaya.

Ta ɗauka da muryar wadda ta daɗe tana kuka. Ta ce, "Kai ka zauna da shi a ƙarshe. Ka gaya mini, Baba ya taɓa yi maka maganar wata gona? Na kasa shiga garin. Na san bai yi ba, amma ga sa hannunsa, na gane shi."

Na faɗa mata komai. Takardun, da zaure, da jirgin. Ban rage ko ɗaya ba. Ina jin hayaniyar ɗalibanta a bayanta, har ta tafi wani wuri hayaniyar ta ɗauke.

Ta ce, "Ya sani kafin ya rasu?"

Na ce, "Ya sani."

"Ya kuma rufa maka asiri."

Na ce, "Yaya, ki yafe mini."

Ta ce, "Wannan sai nan gaba, idan Allah ya ba ni iko. Ba ni za ka faɗa wa ba. A ƙofar masallacin Juma'a ake cin namansa, can za ka je ka tsaya ka faɗa da bakinka."

Na ce, "To, Yaya."

Ta ce, "Kada ka ce mini to. Rana za ka gaya mini."

Na gaya mata. Laraba jirgina zai tashi. Ban san abin da hukuma za ta yi da ni ba, ban san ko ƙanina zai sake yi mini magana ba, Inna kuwa har yanzu ba ta ji ba, kuma nata nake tsoro fiye da na kowa. Na rubuta wannan ne kafin in tafi, don ko bakina ya gaza a can, ya zamana akwai inda aka ajiye cewa Kawu ya bar duniya ba shi da ko kunya ɗaya ta wani.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya sa ƙasar baƙuntar da ta karɓe shi ta yi masa sauƙi. Duk wanda ya karanta ya sa shi a addu'a. Ni kuma, wanda ya ga zai iya, ya roƙa mini ƙafafun da za su tsaya ranar Juma'a.